Kazar da Na Yanka

Lyon, Faransa, 12 ga Mayu 2016

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? A gaida Baba Hudu da su Mardiya. Ni lafiya lau nake. In Balkisa ta ce miki an ɗinke min goshi, ɗinki huɗu ne kawai, kada ki tada hankalinki.

A gidan tsofaffin da nake aiki an daina zubar da sauran abinci, wai yana ɓata ƙasa. Aka kawo kaji shida su riƙa ci. Ran Talata karen wata baƙuwa ya cafke guda, ya farke mata ciki, hanji waje, tana shure-shure. Na ruga na ɗauko wuƙa, na take fikafikanta, na yi bisimilla na yanka kafin ta zama mushe. Jini ya yi tsartuwa har kan takalman tsofaffi. Ban ɗago ba wani tsoho, Bernar, ya sauke min sanda a goshi, ya ƙara, yana ihu: "Kin kashe Jozet!" Ashe suna gare ta, Inna, a cinyarsa take wuni.

Naman ma ba a ci ba, binne ta suka yi. Litinin shugabar gidan za ta faɗi ko da sauran aikina. Ki sa ni a addu'a, ki aiko min man kaɗanya saboda tabo. Allah ya ƙara miki lafiya.

Bernar dai ruɗin tsufa ke damunsa, ya manta komai. Jiya da yau, da safe in ina yi masa wanka sai ya shafa goshina, ya tambaye ni wane azzalumi ne ya yi min haka.

Ɗiyarki,
Zuwaira