Itatuwan Inabi Arba'in na Kan Tudu

Kirkbulok, 2 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga babban yayanmu, Norkul aka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da uwargidanku Zebo opa da jikoki. Ni ce Mohigul, 'yar Sattor mai gyaran tarakta. Shekara uku ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na gidan giyar inabinmu, inda kuka yi shekara arba'in da ɗaya kuna kula da ganguna. Na kira wayar gidanku, Zebo opa ta ce kunnenku ya daina shiri da waya, amma ido da baki suna nan garau, sai dai in rubuto.

Bana gidan ke cika shekara tamanin. Sabon darakta, Doniyor Tolibobich, ya ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihi da za a raba wa baƙi, wai don ni ce mai yawan tambaya. Na shiga tsofaffin takardu, na tarar da abin da kowa ya sani: gwamnati ta turo Besariyon daga Jojiya a 1932, ya dasa baƙin inabin ƙasarsu, ya gina rumbun ƙasa, kuma duk gonakin kwarin nan daga wurinsa suka yanki dashe. Har a makaranta an koya mana cewa shi ya ƙirƙiro renon itace a karkace tun yana ƙarami, don ya yi sauƙin kwantarwa idan za a binne shi kafin sanyi.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Takardar 1932 ta ce an dasa itace dubu shida. Ta 1935 ta ce itace arba'in, a ƙasa kuma an rubuta cewa gwaji ya yi nasara. Wace irin nasara ce ke cinye dubu biyar da ɗari tara da sittin? Kuma na bincika, a yankinsu Besariyon ba a binne inabi. A ina ya koya?

Ba son sani kaɗai ya sa na dame ku ba. Itatuwan nan arba'in su ne na kan tudu, kuma darakta ya ce bana ba za a binne su ba. Tarakta ba ta iya hawa, sai an sa hannu, 'ya'yan da suke yi kuma ba sa cika ganga ɗaya. Na ce masa su ne asalin gidan nan. Ya ce, "Mohigul, kakata ma ita ce asalina, amma ban ajiye haƙoranta ba. Ki kawo mini labarin da baƙo zai hau tudu don ya ji, sai in bar su." Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ba a rufe su ba, kun fi ni sanin abin da Janairu zai yi musu.

Ku huta lafiya.
'Yarku, Mohigul

Tashkent, 9 ga Oktoba

Mohigul 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in zaman bene hawa na bakwai lafiya ne. Ki gaida Sattor, ki ce masa har yau ban yafe masa famfon da ya gyara mini ya ƙara lalacewa ba.

Shekara arba'in da ɗaya na yi a wurin nan, daraktoci tara suka wuce ta kaina, babu wanda ya taɓa cire arba'in daga dubu shida sai ke. Saboda haka zan ba ki amsa.

Mu ba Besariyon muke ce masa ba, sai Beso aka, wato yaya Beso. Na same shi ya tsufa, yana ɗingishi, yana zagi da harshe uku. Ya san giya, wannan ba mai ja. Shi ya koya mana kada a tsinki inabi da rana tsaka, a wanke ganga kamar za a sha ruwa a ciki, a kuma daina zuba sukari don rufe asirin ragwanci. Kafin shi, mutanenmu zabibi kawai suka sani. Amma taurin kai gare shi, ko jaki sai ya sara masa.

Da ya zo, tsofaffin gari suka ce masa a nan sai an sauke itace daga waya an rufe shi da ƙasa. Ya yi dariya. Ya ce, "Ku binne matattunku, ku ƙyale mini masu rai. Inabin ƙasarmu ba tsohuwa ba ce da za a lulluɓe ta da bargo." Sanyi biyu suka zo da sauƙi, ya ƙara samun baki. A kaka ta uku ya tafi taro Samarkand na kwana huɗu. Akwai wata yarinya cikin masu ciyawar gonar, wadda ta taso tana binne itatuwan zabibin gidansu. Ta ga tsuntsaye sun yi ƙaura da wuri, ta hau tudu ita kaɗai, ta kwance layi biyu ta rufe. Arba'in ta samu yi kafin ya dawo. Ya kore ta daga aiki a gaban kowa. Bai tone su ba don dai washegari ƙasa ta daskare.

Sanyin shekarar nan har gyada ya fasa, itacen gyadar dutse nake nufi, mai kaurin mutum biyu. Bayan Nauruz, bikin fitar sanyi, gonar duka ta zama itacen girki. A zamanin, wanda ya kashe wa gwamnati itace dubu shida ba kora ake masa ba, motar jami'an tsaro ke zuwa ta ɗauke shi. Da masu bincike suka zo, Beso aka ya kai su tudu, ya tone, ga idon toho kore shar a kowane reshe. Ya ce da gangan ya yi, gwaji ne don a tabbatar da wace hanya ta dace da ƙasar. Suka rubuta, suka ci abinci, suka tafi.

Renon itace a karkace kuwa nasa ne da gaske. Bayan ya sha wuya ya zauna ya yi tunanin yadda binnewa ba za ta karya itace ba. Kada ki ƙwace masa wannan.

Ga labari na ba ki. Ki kai wa mai haƙoran kaka.

Norkul

Kirkbulok, 14 ga Oktoba

Norkul aka mai daraja,

Assalamu alaikum. Baba ya amsa gaisuwa, ya ce famfon ne ya tsufa kamar mai shi.

Sau uku na karanta takardarku, sannan na hau tudu na zauna ina kallon itatuwan kamar yau na fara ganinsu. Na lura layi biyun ba su miƙe ba, kuma na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar hanya. Ashe nan aikinta ya tsaya ranar da ya dawo.

Na kai wa darakta. Ya saurara har ƙarshe, shayinsa ya huce bai sha ba. Sai ya ce, "Ya sunanta?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wata yarinya? Kowane ƙauye yana da wata yarinya. In buga wannan a kan maganar tsoho ɗaya, in kuma mai da wanda hotonsa ke jikin kwalbarmu maƙaryaci? Kawo suna, kawo dangi, in kafa allo a tudun da kaina." Gaskiya ban ga laifinsa sosai ba.

Wace ce ita? Ta koma aikin? Beso aka ya taɓa gode mata? Kuma ku wa ya ba ku labarin, tunda ba a haife ku ba a lokacin?

Ku gafarce ni da yawan tambaya.
Mohigul

Tashkent, 19 ga Oktoba

Mohigul,

Salam. Tambaya huɗu kika yi, zan amsa biyu.

Ba ta koma ba. Ya je har ƙofar gidansu, hula a hannu, mahaifinta bai bar shi ya tsallaka dokin ƙofa ba. Mutum ne mai sallah a lokacin da ake ɓoyewa a yi ta, kuma dama da ƙyar ya yarda 'yarsa ta yi ciyawa a gonar. Da ya ji a gari ana raɗe-raɗin cewa 'yarsa ce ta ceci gidan giya, sai ya yi wata guda bai yi mata magana ba. Beso aka kuma, in ya faɗi gaskiya, kansa ne a ciki. Ka ga kowa ya samu dalilin yin shiru. Abin da ya riƙa yi shi ne, duk kaka, kwandon farko na tudun nan ba ya shiga wurin matse inabi. A kan katangar gidanta ake ajiye shi, har ya mutu.

Sunan kuwa ba zan ba ki ba. An sa ni na yi alkawari, wadda ta sa ni kuma ba ta nan balle in je in roƙe ta ta warware. Ta ce kada sunanta ya zauna kusa da kalmar giya a kan takarda, ko tana raye ko ba ta raye.

Kada ki ɗauka itatuwan ba su dame ni ba. Da hannuna na binne su sau arba'in da ɗaya, na san kowanne da inda yake ciwo. Tun da takardarki ta zo abinci ba ya mini daɗi, Zebo har ta fara zargin girkinta. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin itace da maganar da na ba mutum, na zaɓa.

Ki yi haƙuri da tsoho.
Norkul

Kirkbulok, 25 ga Oktoba

Norkul aka,

Assalamu alaikum, da fatan jiki da sauƙi kuma abinci ya fara shiga.

Zan faɗa muku abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba, don bana son ku ji daga wani. Ban je neman sunan ba, na rantse. Ranar Lahadi an yi saukar amarya a gidan maƙwabtanmu, aka zaunar da ni kusa da tsohuwar nan Tursunoy momo ina yanka mata karas na shinkafa. Ta ga fuskata ba walwala, ta ce ko miji na rasa. Na ce itatuwan tudu ne za a bar wa sanyi. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Na Bibisora? Wane mara kunya ne zai bar su?"

Na ce wace Bibisora. Matan da ke wurin suka bushe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ji 'yar boko. Uwar Norkul mana, mai ganguna." Tursunoy momo ta ce, "Duk macen da ta haura sittin a garin nan ta sani. Maza ne suka ɗauka sirri ne, mu kuma muka ƙyale su, tunda riƙon sirrin yana sa su ji su manya ne." Ta ce iyayensu mata, in sun tashi binne inabin tsakar gida, sukan ce bari mu yi na Bibisora kafin Beso ya dawo. Ta ce Bibisora tana da shekara sha shida a lokacin, da fartanyar babanta ta yi aikin, kuma wai Beso aka ya so aurenta, shi ya sa yake kai kwando.

Na koma gida ina tunaninku. Shekara arba'in da ɗaya kuna rufe itatuwan mahaifiyarku, hoton wani na jikin kwalba, ba ku ce uffan ba. Ni kuma na zo ina matsa muku kamar mai karɓar haraji. Na ji kunya.

Ga inda muke. An gama binne gonakin ƙasa jiya, ma'aikata za su watse ranar biyu ga wata mai kamawa. Littafin zai tafi wurin bugawa ranar ɗaya. Na rubuta shafin tudu, na bar gurbin sunan fari. Darakta bai san na sani ba. Zan iya cikewa ba da izininku ba, tunda ba daga bakinku na ji ba, amma ba zan yi ba. Uwarku ce. In kun ce a'a, ko kuka yi shiru, zan cire shafin, in yanki 'yan rassa in dasa a bayan gidanmu, abin da ya rage kuma sai yadda Allah ya yi da shi.

Ina jiran abin da kuka ce.
'Yarku, Mohigul

Tashkent, 29 ga Oktoba

Mohigul 'yata,

Wa alaikumus salam. Na ba direban motar Samarkand wannan don ta riga ranar ɗaya.

Tursunoy tun tana yarinya ba ta iya riƙe labari daidai ba. Mahaifiyata shekararta sha tara a lokacin, ba sha shida ba. Ba fartanya ba ce, babanta ya kulle fartanya. Da tiren gurasa ta kwashi ƙasa, shi ya sa farcenta biyu ba su sake fitowa ba. Maganar aure kuma ƙarya ce, kada in gan ta a takarda.

Jiya na zauna na yi wa mahaifiyata bayani kamar tana gabana. Ban san ko ta yarda ba. Ki cike gurbin sunan. In laifi ne, a kaina yake, ba a kanki ba.

Ki ce wa ma'aikata su kwantar da su kai na kallon gangare, kuma na bakwai a layin sama yana da tsagewa a gindi, a bi shi a hankali.

A ƙarƙashin sunan, ki ƙara layi ɗaya, da manyan baƙaƙe yadda ko mahaifinta zai iya karantawa: ta rayu shekara tamanin da uku, ba ta taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba.

Allah ya yi miki albarka.
Norkul ɗan Bibisora