Ta Goma a Ajin Tarihi

Litinin, 3 ga Fabrairu

Taron malamai yau, har bayana ya ƙage. Shugaba ya karanto sabuwar doka: duk darasin da 'yan aji biyar ba su kai goma a cikinsa ba, a rufe shi, malamin a nema masa wani abin yi. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, nan na san da ni yake. Ajina na Tarihi mutum goma ne cif. Ƙarshen watan nan ake rufe zaɓen darussa, abin da yaro ya riƙe shi zai rubuta a jarrabawar fita baɗi, da shi kuma zai nemi jami'a.

Malamin Zane da aka rufe nasa bara yana sito yana raba alli da tsintsiya, shi ma ritaya yake jira. Na wuce ta ƙofarsa ban iya gaishe shi ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Tarihi da Labarin Ƙasa lokaci ɗaya ake yinsu, dole yaro ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Mai Taswira, malamin Labarin Ƙasa, ajinsa maƙil har bakin ƙofa. Yau ma ya leƙo aron kujeru, wai "naku ai hutawa suke yi, Malama." Na ce ya kwashe har da allon. Dariya ya yi, ya ɗauka wasa nake.

Ban ga laifin yaran ba. Iyaye sun gano jami'o'i ba sa neman Tarihi a kwasa-kwasan da ake rububi, shi ke nan aka watse mini. Da ba don Meyasa ba da tuni na fara barci a tsaye. 'Yar telan unguwarmu ce, ni na laƙaba mata sunan, don ba ka rufe baki ba ta ce "me ya sa?" Ita kaɗai ke sa ni buɗe littafi a gida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai wa Tela yadi. Yana auna ni, allura a baki, yake gaya mini wai yarinyar ta kafe sai karatun tsara birane, tun ranar da ruwa ya cinye musu layi saboda wani ya gina shago a kan magudana. Ya ce, "Malama, mu rashin sani ya fi dare duhu. Ki duba mana ko darussan da ta ɗauka sun yi daidai. Ke ce idonmu."

Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na duba a ɗakin kwamfuta. Lissafi, Turanci, sai Labarin Ƙasa, wajibi. Na buɗe wata jami'ar, haka. Na buɗe wata, haka. Tarihi ko a cikin na cike gurbi ba su sa shi ba.

Na kashe na'urar na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashin. Kaina ke ciwo tun rana.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ban faɗa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gaya wa baban yara, da ma na yi shiru. Ko aje kofin shayinsa bai yi ba ya ce, "To me kike jira?" Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce ba ta kaina nake ba, sauran taran fa, su ba 'ya'ya ba ne? In Meyasa ta fita an rufe, su ma sai su nemi inda za su raɓa. Ya ce, "Haka ne." Irin "haka ne" ɗin nan nasa mai ƙona rai.

Kuma wa ya sani, yara suna canza ra'ayi. Bana tsara birane, baɗi lauya. Ni ma likita na so zama.

Na gaji. Guga ma ban yi ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Tela ya tsare ni a bakin titi. "Malama, an samu dubawa?" Na ce wuta ce ba a kawo mana ba. Ya yi ta ba ni haƙuri, wai ya ɗora mini wahala. Ni da nake tsawata wa yara kan ƙaryar "littafina ya jiƙe," yau ga ni.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan darasi na tsayar da Meyasa, na rufe ƙofa. Na shirya magana tun a gida, mai laushi, wai na duba jiya, abin ya ba ni mamaki. Ban kai rabi ba ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Malama."

Tun hutu ta sani. A wayar yayanta ta duba. Na ce to uban me kike yi a ajina? Ta hau murza bakin mayafi. Sai da na daka mata tsawa ta ce, ƙasa-ƙasa, wai ta ji zancen dokar tun kafin a karanta mana, ta ƙirga, in ta fita saura tara. Wai za ta rubuta Labarin Ƙasa daga baya, shekara ɗaya ba komai ba ce. "Kar a kai ki sito, Malama."

Innalillahi. 'Yar shekara goma sha shida ce ke riƙe da ni, kamar tsohuwar da ake tsallakarwa titi. Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini, ita don ni, ni ma don ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai ta juye mini fushi. Na ce wa ya gaya miki ina karɓar sadaka? Na ce shekarar taki ce ke kaɗai, da za ki yi kyauta da ita? Ubanki da ke taka keken ɗinki har ƙafarsa ta kumbura kin tambaye shi? Na ce tattara littattafanki, kar in ƙara ganin ƙafarki a ajina. Ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba, don in na taɓa ta nima zan fashe.

Abin da ban gaya mata ba shi ne kwana nawa na yi da sani. Wannan ban iya ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na je wajen Shugaba na ce a mai da ita Labarin Ƙasa. Ya zare tabarau. "Malama, kin san abin da hakan ke nufi?" Na ce Tarihi nake koyarwa, ba wai ban iya ƙirga ba ne.

Daga nan wajen Mai Taswira. Yau babu zolaya. Ya ce ta rasa zango guda da rabi, shi kuma yara sun yi masa yawa, ba zai iya komawa baya don mutum ɗaya ba. Na ce ba ni littafin da kake amfani da shi. Ya kalle ni, ya miƙo.

Na biya ta shagon Tela na gaya masa. Na ce an kawo wuta.

Talata, 25 ga Fabrairu

Meyasa ta gaishe ni a baranda kamar yadda ake gaishe da baƙo. Daidai ne.

Taran sun ji. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malama, mu kuma fa?" Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya na tambayi abin da kowa ke son karanta, na duba musu. Biyu ma ashe Tattalin Arziki ya kamata su ɗauka tun farko, babu wanda ya taɓa gaya musu. Nima ban taɓa tambaya ba, shekara da shekaru, ina ta murna aji ya cika.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An rufe. Na goge allon da kaina, ban bar wa mai shara ba.

Litinin, 10 ga Maris

Mako guda ke nan a sito. Ranar farko Malamin Zane ya miƙa mini makullai yana murna kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Wurin warin sabulu da tsohuwar takarda yake, taga ɗaya, ita ma ba ta buɗuwa. Safiya guda kwalin alli nawa na bayar, ban ma riƙe ba. Ba na jin daɗinsa, ba kuma zan yi ƙaryar ina ji ba.

Littafin Mai Taswira na kai babi na shida. Layukan nan masu zagaye-zagaye da ke nuna tudu da kwari sun kusa haukata ni, sai da na yanka dankali falle-falle a kicin kafin na gane. Baban yara ya shigo ya tarar da ni ina yi wa dankali bayani, ya juya ya fita. Zaman banza ne ya yi mini yawa, shi ke nan.

Meyasa tana zuwa lokacin hutun kalaci, tun makon jiya. Ranar farko a tsaye ta yi karatun, ba ta ko kalle ni ba. Yau ta zauna, har ta gyara mini kuskure a ma'aunin taswira, kuma ita ce da gaskiya, 'yar banza. Gwajin farko ta tsallake da ƙyar. Na ce mata da ƙyar ba ya kai mutum jami'a.

Da za ta fita ta ce gobe za ta zo da ƙawarta mai son aikin jinya, ita ma ba ta tabbata ta zaɓi daidai ba, ga kuma wasu 'yan aji huɗu da ke tambaya. Na ce sito ne nan, ba ofishin shawara ba, kar ta tara mini jama'a.

Na dai sauke kwalayen da ke kan dogon bencin can, na goge shi.