Takalman da Ummi Ta Zana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan Jidda muna lafiya. Baban yara yana nan da aikinsa na sito a Madinar Masana'antu, yara suna zuwa makaranta, ni kuma ina nan da girkin da nake yi wa gidajen biki.

Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Masu karanta ta su ne mutanen da suka cika min waya da saƙo a 'yan kwanakin nan. To su karanta. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ba zan iya jayayya da su ɗaya bayan ɗaya ba, gara in gaya miki su ji a gefe.

Maganar takwararki ce, Ummi. Ta girma, Inna, ta kusa kamo ni a tsawo. Har yanzu Hausarta a karye take, rabi Larabci, amma zanen nan da kika sani tun tana ɓata mana bango da gawayi ya zama abin kallo. A wuraren masu zane da take bi a intanet ta tsinci wata gasa ta ɗalibai. An ce kowa ya yi zane ko rubutu a kan tunawa da mutanen da aka yi wa kisan ƙare dangi, da kuma yaƙi da ƙin jinin Yahudawa. Da yake shekarunta ba su kai ba, sai uwa ko uba ya yarda kafin a karɓi aikinta.

Ina yankan albasa da la'asar ta kawo min waya, ta ce in duba wani hoto. Na duba. Takalma ne tuli guda, sun kai rufin ɗaki. Kin san mu, tulin takalma a wurinmu alama ce ta gida ya cika da mutane. Sai na ce, “Masha Allah, bikin wane attajiri ne wannan? Ko ƙofar masallacin Juma'a ce?”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “La, a'a, Mama. Babu wanda ya fito ya ɗauki nasa.”

Ta zauna ta yi min bayani da Hausarta da Larabcinta. A Turai aka yi, lokacin yaƙin duniya na biyu. An tara Yahudawa gari-gari, maza da mata, tsofaffi da 'yan goye, an loda su a jiragen ƙasa. Da an sauke su sai a ce su tuɓe kaya da takalma za su yi wanka, a rufe ƙofa a sakar musu guba. Miliyoyi. Laifinsu shi ne abin da aka haife su a ciki.

Na goge hannu na ƙara girman hoton. Akwai na yaro a ciki, ɗan ƙarami, yana kife. Wallahi Inna, sai na ga yatsata a kan gilashin waya tana ƙoƙarin juya shi.

Ke kika saka min wannan. Ba ki taɓa wuce takalmi a kife ba, ko na waye, ko kina ɗauke da tukunya a ka. Sai ki sa ƙafa ki juya shi, ki ce, “Ba a barin tafin takalmi ya kalli sama.” In baƙi suka shigo suka zauna, sai ki yi mana ido mu fita mu jera takalmansu bibbiyu, bakinsu na kallon waje. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce kowane ɗayansu akwai mai jiransa a gida. Na ba Ummi wannan labarin a wurin, albasa tana jira.

Abin da ta zana ke nan. Tulin takalman nan da fensir, toka-toka, har saman takarda. A ƙasa kuma hannayen tsohuwa biyu suna zaro su ɗaya-ɗaya suna jerawa. Hannunki ne, Inna. Ta sa lallen da ke kan yatsunki, ta sa tabon ƙunar da kaskon wainar kisira ya yi miki a wuyan hannu. Ban san ta riƙe wannan tabon a ranta ba. Da baban yara ya dawo aiki ya gani, ya daɗe a tsaye, sai ya ce, “Allah ya jiƙan Inna,” ya wuce alwala.

Sai ɗanki ya zo.

Yaya Usman yana nan yadda kika bar shi, sai ƙiba da ya ƙara. Yana shagonsa a kasuwar Balad, yana sayar wa alhazai turare da carbi. Har yanzu in wani Balarabe ya tambaye shi daga ina yake, sai ya gyara jallabiya ya ce shi ɗan nan ne, kamar fuskarsa ba ta riga ta ba da amsa ba. Iliminsa kuwa ya ƙaru sosai: duk saƙon murya da wani ya turo masa, kafin magariba ya zama fatawa a bakinsa.

Ranar Juma'a ya zo cin abinci kamar kullum. Sai da ya share kwanon tuwon asida, ya bi da agashe, ya sha shayi kofi kan kofi, sannan idonsa ya kai kan zanen. Ya tambayi Ummi, ita kuma ta gaya masa da murna, tana tsammanin zai gane hannun uwarsa. Bai ko kalli hannun ba.

“Aib! Abin kunya!” in ji shi. “A gidan Musulmi? Yahudu ake wa kuka? Mutanen da duk halinsu ɗaya, ba su da asali a ko'ina, duk garin da suka shiga sai sun cinye kasuwarsa? Kuma ai rabin labarin nan ƙarya ne, ƙara masa gishiri suka yi.”

Ya ɗauki hoton zanen da wayarsa ya tura zauren dangi na waya, ya rubuta a ƙasa wai a zo a ga tarbiyyar gidan Zainabu.

Inna, kin ji kalmomin? Ni na ji su, kuma na san inda na taɓa jin su. Haka aka faɗa a kanmu a garinmu na Sudan kafin a zo da wuta. Hausawa baƙi ne, ba su da asali a nan, duk halinsu ɗaya, sun cinye kasuwa da gonaki. A garin da aka haife ki, aka haifi babanki. Da waɗannan kalmomin aka ƙone unguwarmu, kika fita da ƙafa da ciwon sukarinki ba magani, kika cika a wata makaranta da 'yan gudun hijira suka taru. Ni ina nan iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mana, wajen sabuntawa, ban ga fuskarki ba.

Da muka yi zaman makokinki a nan unguwar Ruwais, ba gawa, ba kabarin da za mu je, wa ya fi kowa ɗaga murya? Yaya. Shi yake tare maƙwabta a kan bene yana ce musu, “Sun ce mu baƙi ne! Mu!” Da wani ya rubuta a intanet cewa babu abin da ya faru, Hausawa ne ke ƙara gishiri, saura kaɗan Yaya ya fasa waya da bango. Yau ga shi ya ɗauko maganar nan tas, bai canja ko kalma ba, sunan mutanen kawai ya sauya. Ashe ba maganar ce ta ɓata masa rai ba a lokacin. Haushinsa shi ne da shi aka yi ta.

Daga nan waya ta fara kuka. Matan da ba su taɓa tambayata ko Ummi aji nawa take ba, duk sun zama masu kula da tarbiyyarta. Wata ta ce asiri aka yi mata ta intanet. Wata ta ce in kai ta a yi mata ruƙiyya. Hajiya Ladi, wadda ta zo makokinki ta yi ta ƙorafin shinkafa ta yi ruwa, ta turo min murya mai tsawo wai tana jin kunya a madadina. Ta ajiye kunyarta, za ta yi mata amfani a gida.

Mutum ɗaya ce ta yi maganar da ta isa a amsa, Anti Sadiya ƙanwarki. Ta kira ni a hankali ta ce, “Zainabu, yaran Gaza fa? Ba ki ganin abin da ake musu?” Ina gani, Inna. Ina gani har in kasa cin abinci, kuma ba na sallah ban sa su a addu'a ba. Ummi ma ta zana su, zanen yana manne a ƙofar firij tun bara, Yaya ya sha buɗe firij ɗin nan bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Amma na ce wa Anti, yaron nan mai ɗan takalmi bai jefa wa kowa bam ba. An kashe shi tun kafin a haifi masu jefawar. In na ce sai na ji ƙabilar yaro kafin in tausaya masa, me ya raba ni da waɗanda suka zo unguwarmu? Anti ta ce Allah ya kyauta. Ita na san ta ji.

Duk wannan da zan iya shanyewa. Abin da ban iya ba shi ne Ummi. Ta daina cin abinci sosai. Ta daina zane. Ta zo min kicin da takardar a naɗe, idonta a ƙasa, ta ce, “Mama, halas, shi ke nan, zan yaga shi. Ba na so a zage ki saboda ni. Wataƙila Kawu ya yi gaskiya, bai kamata in ji tausayinsu ba.”

A nan na tsorata. Ba gasar ba ce ta dame ni, ko ta ci ko kada ta ci. Yarinya ce a gabana ana koya mata jin kunyar tausayi, kuma ta fara koya. In ta yaga takardar nan, na san ba takarda kaɗai za ta yage ba. Na karɓa na ɗora a saman kabad, na ce babu mai taɓa shi.

Yaya ya dawo tsakiyar mako, ba a gayyace shi ba. Ya zauna a kujerar baban yara ya ce shi ne babba tunda ba kya nan, kuma ya yanke hukunci: ko a yaga zanen a gabansa, ko ƙafarsa ta daina taka gidan nan. Ya juya wajen baban yara yana neman goyon baya. Shi kuwa ya ce, “Ni dai hannun Inna na gani a ciki, ba zan sa a yaga ba.”

Kin san tun muna yara ban taɓa mayar wa Yaya magana ba. Ran nan na mayar. Na ce, “Yaya, wa ya binne Inna?” Ya san amsar. Ba ni ba ce, ba shi ba ne. Wasu mutane ne a makarantar nan, ba Hausawa ba, har da matar da yarenta ɗaya da na waɗanda suka kunna wutar. Ita ta yi miki wanka, ta ba da farin mayafinta aka haɗa likkafani. Na ce masa da matar nan ta yi irin lissafinsa, da a fili za a bar ki.

Ya ce, “Ni kike gaya wa haka?” Na ce, “Kai, Yaya.” Ya miƙe yana ta yalla, yalla, wai a tashi a tafi, shi kaɗai, kamar akwai rundunar da za ta bi shi. Ban aiki kowa ya jera masa takalmi ba. Ya tsaya a ƙofa yana laluben ɗaya da ƙafa a cikin silifan yara, ƙanin Ummi yana kallonsa. Ki yafe min wannan, na san ba haka kika koya min ba.

Da ya sauka na kira Ummi, na sauko da takardar, muka shimfiɗa ta a ƙasa kusa da taga inda haske ya fi kyau, ta ɗauki hoto. Ta nuna min inda uwa take danna yarda. Ta ce, “Mama, kin tabbata? Kawu ba zai dawo ba.” Na ce ta riƙe min wayar da kyau. Na danna.

Bai dawo ba. Juma'ar da ta wuce na tuƙa asida daidai yadda na saba, ta yi saura da yawa, muka ba mai gadin bene. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji zafi, ɗan'uwana ne, cikinki ɗaya ya ɗauke mu. Amma Ummi ta ci abinci ranar, har ta ƙara, kuma da yamma na ji ta tana fere fensir.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarin da ban san inda yake ba. Allah ya saka wa matar da ta wanke ki da alheri, ya tsare mata 'ya'yanta. Masu takalman nan ban san sunan ko ɗayansu ba, amma wanda ya halicce su ya sani, kuma ya san waɗanda suka rufe musu ƙofa. Allah ya kawo wa yaran Gaza da na Sudan sauƙi. Ya raya min Ummi da zuciyar nan tata, kada ta taurare. Shi kuma Yaya, ban roƙa masa sharri ba. Kunya kawai na roƙa masa, ko kaɗan ce. Ranar da ta zo masa, ya san hanyar gidana.

'Yarki mai kewarki,
Zainabu,
Ruwais, Jidda.