Wai Maƙogwarona Ya Toshe

Laraba, da dare

"Ke 'yar chakra ta maƙogwaro ce," in ji matar shagon da Turanci, tana kaɗa wani shuɗin dutse a saitin wuyana. "Taki ta toshe. Irinku kuna haɗiye magana har ta zame muku ciwo."

Hadiza ce ta ja ni shagon nan na unguwar Brickfields a Kuala Lumpur, wai mu kalli turaren Indiyawa. Sai ga matar nan da zancen chakra, wai wasu cibiyoyin ƙarfi ne a jikin mutum, kowa da tasa. Ita an ce mata 'yar chakra ta zuciya ce, mai riƙon amana. Hadizar da in ta ji labari da azahar, kafin la'asar ya isa Kano.

Matar ta riƙe hannuna. "Wani abu ya faru a makaranta. Faɗa wa ƙawarki, Ummi, ki huta."

Ni Rukayya na ce mata sunana. Duk Kuala Lumpur mutum ɗaya ce ta san sunana na gida, ga ta a gefena, ta duƙufa kan kwalaben mai.

Wato ta gaji da bugun cikina ko makaranta ta ƙi karɓar thesis, kundin bincikena, an dawo mini da shi, shi ne ta ɗauko 'yar haya. An dawo da shi ɗin. Amma daga bakina Baba zai ji, ba daga matan unguwa ba.

"Ummi, ina za ki? Ba a gama ba lah!" in ji Hadiza, har da "lah" ɗin 'yan Malesiya da ta ara.

"Zan je in kurkure da ruwan gishiri. Da shi muke buɗe maƙogwaro a gidanmu."

Na ja musu ƙofa, na nufi tashar jirgi.