Inna Ta Kira Sunana

Daren Laraba, Tsafe

Yau Inna ta kira sunana. Ni ce 'yar farinta, tun da na tashi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba saboda kunya. Sai dai "ke", ko "waccan".

Muna cikin mota ne, mun baro asibiti a Gusau, ƙanena Sani ya ce, "Yaya Hadiza, miƙo ruwa." Sai ta juyo ta dube ni da fara'ar da take yi wa baƙi. "Hadiza? Suna mai daɗi. 'Yar gidan wa ce ke?"

Sani ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta.

Likita ya ce ba aljanu ba ne, ciwon mantuwa ne. Na gaya masa haka mahaifiyarta ta ƙare a Kwatarkwashi, tana tsakar gidanta tana roƙon a kai ta gida. Na ce, "Likita, gado ne ke nan?" Ya ce gado na da nasa rabon, amma hawan jinin da aka bari ba magani shi ma yana cin ƙwaƙwalwa. Ya tambayi nawa jinin. Ni kuwa ƙwayoyin hawan jinina na kan taga tun azumi, ban taɓa su ba.

Yanzu na sha ɗaya. Ko na makara, Allah masani.

Ina yarinya nakan laɓe bayan rumbu ina addu'ar ta kira ni ko sau ɗaya. To, ga shi ta kira. Ya Allah, mayar mini da "ke".