Na Fito a Matar Mahauci

Litinin, 1 ga Maris, 1937
Irmiya ya fasa aurena. Bai ma zo da kansa ba, kawunsa ya turo wajen Gwaggo Atika, wai ya samu wata a Kaduna inda reluwe suka mai da shi. Shekara biyu ina jira. Na ɗauki allura na koma koya wa 'yan mata ɗinki kamar kullum.

Asabar, 13 ga Maris
Zafi. Ba na cin abinci sosai.

Laraba, 24 ga Maris
Malam Salmanu, malamin elementare, yana shirya wasan kwaikwayo kan tsabtar nama da ƙuda. Duk maza ne. Mahmudu akawu ne matar mahauci, ya ɗaura zani a karkace yana tsuke murya. Ina wucewa dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun farkon watan nan. Malam ya ce, "Malama Suzana, in kin fi shi iyawa, bismilla." Da wasa ya faɗa. Na shiga na yi. Malam ya ba ni wurin Mahmudu.

Alhamis, 25 ga Maris
Gwaggo ta ji. "Miji ya ƙi ki, kuma ki je ki tsaya gaban maza kina kwarkwasa? Wa zai sake kallonki?" Na gaji da tankawa.

Juma'a, 9 ga Afrilu
Koyo kullum bayan la'asar. Muryata ba ta kai bayan fili, Malam sai "Ƙara! Ƙara!" Maƙogwaro ya dushe. Iyaye biyu sun janye 'ya'yansu daga ajin ɗinki. Mahmudu ba ya amsa gaisuwata. Anya ban yi wauta ba?

Asabar, 24 ga Afrilu
An yi wasan. Har daga Tudun Jukun mutane suka zo. Wani ya jefo ƙwallon mangwaro, ya same ni a kafaɗa, na manta magana. Da na farfaɗo na fara yi wa mahaucin faɗa, wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "Gaya masa, 'yar nan!" Mata suka ɗauki guɗa. Da na koma gida Gwaggo ta turo mini tuwo.

Laraba, 5 ga Mayu
Malam ya ce akwai sabon wasa, zan fito a amarya mai girman kai. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Lahadi, 9 ga Mayu
Irmiya ya kawo amaryarsa coci. Doguwa ce, tana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata mata ƙafa, tana gyara gyale da yatsa biyu. Na bi ta da ido har aka tashi, da na dawo na rufe ɗaki na gwada tafiyar sau uku. Tafiyar ta fara zama mini, irin ta amarya mai girman kai.

Gwaggo ta tambaye ni ko Irmiya ya rame. Na ce ban sani ba. Ta ɗauka fushi ne. Ban duba ba ne kawai.