Masallacin da Fatawu Ya Tsaya

Dagenham, 3 ga Mayu

Aikin farko yau: wanke kayan tafiya.

Awabu, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Mma da Nusrat matar Fatawu. Na rubuta ne don idan na yi waya Mma za ta karɓe daga hannunki.

Na dawo daga Palermo ta Italiya jiya. Na tafi da hoton da ƙanenmu Fatawu ya aiko shekara biyar da suka wuce, kafin a daina jin ɗuriyarsa. Wani mai gasa masara ɗan Senegal ya gane wurin, ya raka ni har ƙofa.

Awabu, ba masallaci ba ne. Fada ce, wani sarkin Turawa ya gina a cikinta ɗakin ibadarsu shekara kusan ɗari tara da suka wuce. Na yi alwala, na cire takalmi a bakin ƙofa. Mai gadi ya biyo ni da su a hannu, ya ce in saka. Na tambaye shi ina liman, ya ce wane liman?

Rufin shi ne na hoton. Katako ne sassaƙaƙƙe kamar saƙar zuma, ga rubutun Larabci zagaye da shi, an ce masassaƙa Musulmi suka yi. Amma da na sauke kai sai ga bango duk ruwan zinariya, ga surar da suke cewa ta Annabi Isa ce tana kallona. Fatawu sama ya karkata wayarsa, rufin kawai ya ɗauka. Kowa na iya sayen tikiti ya shiga. Na nuna hotonsa ga ma'aikata bakwai, babu wanda ya san shi.

Ƙila ban iya tambaya ba ne. Ƙila da na ƙara kwana.

Wassalam, yayanki Gariba.

Kumasi, 19 ga Mayu

Yaya, salamu alaikum. Muna lafiya, sai ƙafar Mma.

Kai dai da ƙila. Shekara biyar Mma tana nuna wa 'yan zango hoton nan tana cewa ɗanta ladan ne a Italiya, hidimar masallaci ta hana shi waya. Da wannan maganar ta hana liman raba auren Nusrat sau biyu. Yarinyar nan ba ta da miji, ba ta da damar yin wani. Jiya ma ita ta wanke wa Mma ƙafa.

Liman ya ce idan ɗan'uwa na jini ya je ya nema bai samu ba, ya rubuto shaida da sa hannu, Nusrat za ta fara takaba. Kai ne ka je, kai za ka rubuta. Ni ba zan gaya wa Mma ba, ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita.

Ƙanwarka, Awabu.

Dagenham, 2 ga Yuni

Awabu, ina gaisuwa. Ga shaidar a ciki, na sa hannu, na ba wani mai hawa jirgi yau, gobe za ta iso hannunki. Sau huɗu na sake kwafinta. Ki miƙa wa liman ranar Asabar, bayan na gaya wa Mma, kada ki riga ni. Ki ce wa Nusrat ta yafe mana.

Ayyukan gobe:
Zuwa aikin safe, ƙarfe biyar.
Juma'a a masallacin Regent's Park, in tambaya ko ana wa wanda ya ɓace sallar jana'iza.
Sayen maganin ƙafar Mma a Old Kent Road.
Kiran Mma, in gaya mata. Ki zauna kusa da ita.

Gariba.